Bushiyar Kaka da Yayana Sanusi

A gidanmu na Kebbe, da an ci tuwo bayan magariba, Kaka takan zauna kusa da murhu tana gasa mana gyaɗa a sauran garwashi. Yaran maƙwabta kan shigo, mu kewaye ta. Yayana Sanusi kaɗai ba ya shiga cikinmu. Can gindin rumbu yake zama da wani tsohon gare na keke, yana juya shi yana kallo. Ba ya duban idon mutum, in an yi masa magana sai ya maimaita abin da aka faɗa, in kuma aka ɗaga murya ya toshe kunnuwa. Matan unguwa sun ce iska ce, har sun hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da shi. Kaka ba ta taɓa yafe musu ba. Takan ba yaransu gyaɗa, amma iyayen ko gaisuwarsu da ƙyar take amsawa.

Tatsuniyoyinta da yawa na ban dariya ne, sai guda ɗaya, ta bushiya. Wai an wayi gari an sace dawa a rumbun zaki, kura ce kuwa ta sata. Aka tara namun daji ana tambayar kowa. Da aka zo kan bushiya zaki ya yi ruri, ita kuma ta dunƙule kamar yadda Allah ya halicce ta. Dila ya ce mai gaskiya ba ya ɓoye fuska. Aka yi ta dukanta, aka jefa ta rami. Da aka kira kunkuru mai magani, ya leƙa ya ce shi ba ya taɓa mai ƙaya, ya juya abinsa.

Nan Kaka take tsayawa. Mukan yi ta roƙo ta faɗa mana wanda ya ceci bushiya.

"Babu wanda yac cece ta," in ji ta. "Ni abin da munka gani nika hwaɗi."

A lokacin haushinta nake ji, don na ɗauka rowar ƙarshen labari take mana.

Shekara biyu bayan rasuwarta, ina aure a Tambuwal, Sanusi ya zo wurina da Inna, mahaifiyarmu. Ya kai shekara ashirin da shida. Ranar kasuwa ya fita bai gaya wa kowa ba. Ya ga wani babur an kafe shi, ya tsuguna yana juya ƙafar baya. Wani mai sayar da albasa ya yi ihun ɓarawo. Sanusi ya toshe kunnuwa ya ruga, mutane suka bi shi da itace. Kafin labari ya iso mana an sa shi a mota an kai shi wani caji ofis.

Na same shi a bayan kanta, rigarsa duk jini, yana ta lilo da jikinsa. Na yi wa ɗan sandan da ke kan tebur bayanin yadda yayana yake tun yana yaro. Ya turo mini takarda ya ce ai ya riga ya amsa laifinsa. Sai ya juya ya daka masa tsawa don in ji da kunnena.

"Ce na sata!"

"Na sata," in ji Sanusi.

Na ce, "Yallaɓai, ka ce mai shi ce ni zaki ne, wallahi za shi hwaɗi." Ya ce in fita ko ni ma a rufe ni.

Sanusi yana da farfaɗiya, kullum sai ya sha magani. Na kawo ƙwayoyin, aka ce ba a karɓar ƙwaya daga waje. Kwana na huɗu farfaɗiyar ta kayar da shi a kan siminti, sannan suka kai shi asibiti da ankwa a hannu. Ma'aikacin da ya duba shi ya tambaye shi inda ke masa ciwo, Sanusi ya maimaita tambayar. Mutumin ya ce wannan aikin asibitin mahaukata ne, ya yi masa allurar barci ya wuce. Na nuna masa hannun da ya kumbura kamar tulu, ya ce in da karaya ce da ya yi kuka. Karaya ce. A karkace ta haɗe, har yau ba ya iya riƙe cokali da dama.

Kwana tara aka yi kafin mai babur ya zo ya ce shi ba a ɗaukar masa komai ba. Aka sake shi, babu wanda ya ce mana ku yi haƙuri. Shawarar da aka ba Inna ita ce ta ɗaure shi a gida.

Daga baya wata likita a Sakkwato ta zauna da shi kusan awa guda, ta ce galahanga ce, wata lalura ta ƙwaƙwalwa da ake haihuwar mutum da ita, ba hauka ba, ba iska ba. Na tambaye ta ko akwai takardar da za ta hana a sake yi masa haka. Ta rubuta mini, amma ta ce ba ta san wanda zai tsaya ya karanta ba.

Yanzu na gane Kaka ba rowa take ba. Ta san garinmu, ta san hukuma, ta ƙi yi mana ƙarya. Mutane suna ce mini in bar wa Allah, na bar masa, amma ban yafe ba. Mai albasan nan har yanzu yana gaishe ni in na wuce, ban taɓa amsawa ba. Makon jiya ɗiyata ta fasa kofi, na ɗaga murya ina tambayar wa ya yi wannan. Daga cikin ɗaki na ji Sanusi, wanda yanzu a wurina yake zaune, da sauri yana cewa, "Na sata. Na sata."