Karen Maƙwabciyata a Rairayin Azahar

Ni da kare sai dai jifa. Haka na tashi a Kano, haka kuma na zo Dubai da halina, na kama aiki a wani kamfanin jigilar kaya, na sami ɗaki a Al Qusais. Ƙofata tana kallon ta wata dattijuwa 'yar Filifin, ma'aikaciyar jinya. Lokacin da korona ta kwantar da ni, ita ce take ajiye mini romon kaza a bakin ƙofa safe da yamma, ta ƙwanƙwasa ta wuce. Da shekara ta zagayo mahaifiyarta ta rasu, ta zo mini idonta jawur, ta ce in kula mata da karenta kwana goma. Bakina ya kasa cewa a'a. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Karen tsoho ne, gajere, yana tafiya kamar mai ciwon baya. A ɗakinta zai zauna, nawa shi ne in ba shi abinci, in kuma riƙa kai shi irin filayen nan da ake killacewa don a kwance wa karnuka igiya su sha iska. Ta rubuta mini guda uku a takarda. "Na farkon ya fi, ɗan'uwana," in ji ta. "Akwai ciyawa da inuwa. Ka bari sai rana ta yi sanyi."

Na zauna na tasa takardar nan a gaba kamar mai shirin jarrabawa. Na farkon yana kusa da mu, amma ƙofarsa tana kallon masallacin da mutanenmu suke salla. Na biyun rufaffe ne, har da na'urar sanyaya wuri, sai dai a Al Warsan yake, jikin sito-siton da 'yan kasuwar Kano suke loda kwantena. Duk sun san ni ta wurin aiki. Mutum ɗaya ya gan ni riƙe da igiyar kare, kafin magariba labari ya isa Kantin Kwari. Na ukun yana can bayan gari, ba komai sai rairayi da shingen waya. Shi na zaɓa. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina wanne ya dace da karen ba.

Lokacin ma da wayo na tsara shi: ƙarfe ɗaya na rana, a watan Yuni, sa'ar da duk mai hankali yana cikin ɗaki. Har yaba wa kaina na yi.

Na ajiye mota nesa da ƙofar filin, muka taka. Ni da takalmina mai kauri, shi kuwa yana bina yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Na ɗauka shagwaɓa ce ta karen da ya saba kwana a kujera, na fizgi igiyar. Da na kwance shi a ciki bai yi gudu ba, sai ya raɓo ya tsaya a cikin inuwata. Na matsa don kada ya goga mini najasa a wando. Ya sake biyo inuwar, na sake matsawa. Wannan matsawar tawa ce har yau nake kasa tunawa ba tare da na runtse ido ba.

Sai da muka koma mota na ga jini a buhun da na shimfiɗa masa. Fatar tafin ƙafafunsa ta saluɓe. Nan take na nufi asibitin dabbobi. Likitar ta naɗe ƙafafun huɗu da bandeji, ta ce kada ya taka ƙasa na wasu kwanaki. Ba ta yi mini faɗa ba, kallo ɗaya kawai ta yi mini.

Dole na rungumo shi a ƙirji daga mota zuwa cikin gida. Daidai lokacin aka sallame la'asar. A bakin lif, na'urar hawa bene, na yi kiciɓis da wani Alhaji, babban ɗan kasuwa da ke zaune a saman benenmu, mutumin da tun farko fuskarsa nake hangowa ina karanta takardar nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya sunkuyo yana duba bandejin. "Subhanallahi! Malam, me ya sami wannan bawan Allah?"

"Rairayi ne ya ƙona shi, Alhaji."

"A zafin nan? Haram wallahi! Ko jaki ba a yi wa haka. Wane marar imani ne ya fita da shi?" Ya sa hannu ya riƙe mini ƙofar lif.

Karen ya kwantar da kansa a kafaɗata, yana numfashi a hankali.

"Na maƙwabciyata ne," na ce.

"Ka gani ko! Su ajiye dabba a ɗakin bene, su kasa sauke haƙƙinta. Khalas, shi ke nan, kai dai Allah Ya ba ka ladan taimako."

Maƙwabciyar tawa tana can garinsu tana binne uwarta. Na buɗe baki na ce, "Amin, Alhaji."