Tsohon da Ya Shafa Ƙoƙon Kunkuru

A shagon Saifuddeen da ke unguwar Anbariyya a Madina, wani tsoho na tsaye gaban ƙoƙon kunkurun teku da aka rataye don ado. Ruwan gishiri ya tsattsage hannuwansa, jallabiyarsa ta koɗe. Saifuddeen na zaton masunci ne daga Yanbu ta bakin teku, cikin masu gadin ramukan ƙwan kunkuru a gaɓa, masu nuna wa baƙi kunkuru daga nesa.

Tsohon na shafa ƙoƙon a hankali.

"Ya ammi, saya za ka yi?"

"A'a, ya waladi. Wannan uwa ce. Da ƙuruciya ni ma na kwashi ƙwansu kwando-kwando. Yanzu muna gadi, amma masu fitowa yin ƙwai ba yawa."

Ya fita bai sayi komai ba. Ranar Saifuddeen ya kasa sake kallon bangon.