Gungumen da Na Ɗauke

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, mijin 'yata ta fari, wanda duk layinmu ke kira Tela. Motarsa ce ta zame daga kan jak, ƙarfen ɗaga mota, ta danne shi a ƙofar gidana, kwana biyu bayan an haifa masa ɗiya, jikata ta farko.

Tela, raina a ɓace nake rubuta maka wannan. Mutane suna ta shigowa suna ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma akwai abin da ni da kai muka yi, kuma sai na faɗe shi.

Kai ka sa ni shiga ajin yamma ina da furfura. Ka ɗinka mini jakar littattafai da ragowar yadi. Kullum ka rufe shago ka kai ni, ka zauna a mota kana kalmasa wandunan mutane har mu tashi. Hannun da ka ɗora a kan biro, yau da shi nake maka faɗa.

Motar nan ta girmi aurenka. Shok ɗinta na baya, ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, ya daɗe da mutuwa, ko tsakuwa ta taka sai ta yi tsalle. Da aka ce Laraba za a sallami 'yata daga asibiti, sai ka sayo sababbi guda biyu. Ka ce, "Baba, ba zan ɗauko mai jego da jinjira a wannan rariyar ba." Na ce ka kai wa bakanike. Ka ce, "Noti huɗu ne fa. Wanda ke warware keken ɗinki ya mayar, wannan zai gagare shi?"

Ba gagararka zai yi ba. Ka sha gyara motar nan a ƙofar gidana, kuma kana da doka. Akwai gungumen ice da ka ajiye a bayan ƙyaurena, ba ka taɓa shiga ƙarƙashin mota ba sai ka tokare ta da shi. Da kunnena na ji ka tsawata wa direban da ke maƙwabtaka da mu, ka ce masa jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙewa.

Ni na ɗauke gungumen. Murnar jika ta sa na rasa inda zan sa kaina, masu taya ni murna suka cika gida, kujeru suka ƙare. Na mirgina shi ciki, na ɗora katako, abokaina suka zauna.

Ka leƙo da sifana a hannu, ka ce, "Baba, ina gungumena?" Na ce bari in tashe su. Ka ce, "Haba Baba, a tashi manya saboda ni? Minti goma ne." Na ji daɗin ladabinka, na koma cikin hira. Ka gama ɓangare ɗaya lafiya. A ɗaya ɓangaren notin ya yi tsatsa, ka ja da ƙarfi.

Wace irin kunya ce wannan, Tela? Tsofaffi uku su miƙe tsaye, me zai ragu a jikinsu? Ka san dokar, kai ka kafa ta, ka karya ta don kada ka ɓata mana zama. Ni kuma da girmana ban ce maka a'a ba. Haushinka nake ji, amma nawa ya fi.

Ranar Laraba na kira bakanike ya ɗaura ɗaya shok ɗin. Kowa ya ce in nemi wata mota, na ƙi. A motarka muka ɗauko su. Uwar ta yi kuka tun daga asibiti har gida. Ɗiyarka kuwa, duk ramukan hanyar nan, ko sau ɗaya ba ta farka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ya raya marainiyarka, Ya ba 'yata juriya. Ga mahaifanka da 'yan'uwanka ina miƙa ta'aziyya, ina kuma roƙonsu su yafe mini.