Motar da Ba Ta Kuka

Abin nan ya faru ne a daminar da ta biyo bayan canjin kuɗi, lokacin da mutane suka riƙa yini a bakin banki suna dawowa hannu rabbana. Ba mu gama farfaɗowa daga wannan ba sai man fetur ya tashi, tashin da har yau bai sauko ba. Gero ya fitar da kai amma ba a kai ga yanka ba. A shekarar ce kuma katangar gidanmu ta yamma ta faɗi, shi ya sa ba na rikita ta da wata.

A lokacin ne ɗana na fari ya sayi wata mota 'yar Kwatano. Sunansa kam ba za ku ji a bakina ba. Ban taɓa faɗinsa ba tun ranar da aka raɗa masa, kuma ba yau zan fara ba. Mu a zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta miƙe ƙafa tana hira da shi. In ina da magana sai in faɗa wa matarsa, ko in faɗa wa bango, shi kuma ya ji.

Fataucin hatsi yake yi tsakanin Daura da Kano, kuma Allah ya rufa masa asiri. Ba marowaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Tukunyata ba ta taɓa kwana babu nama don ya hana ba. Amma in aka zo maganar man mota, sai ka rantse daga jijiyarsa ake zuƙa.

Ita motar wai ciki biyu gare ta, ɗaya na mai, ɗaya na batir. In ana tafiya a hankali sai injin ya yi barcinsa, batir ya ja ta. In aka taka birki kuma, wai batirin ƙara ƙoshi yake yi. Ranar da ya kawo ta na yi wanka na sa lalle, na zauna a tsakar gida ina jiran in ji ƙara, unguwa ta leƙo ta ga abin da ɗana ya saya. Sai kawai na gan shi a kaina yana sallama. Ko akuyar da ke kwance a ƙofar gida ba ta motsa ba.

Na ce wa matarsa, "Ke 'yar nan, a ƙasa mijin naki ya zo?"

Ta ce, "Inna, ai ga ta can a waje. Haka take, ba ta kuka."

Na ce, "To Allah ya sa alheri. Mu dai a da, in mutum ya yi mota har kurma yana sani."

A cikin gari motar ta yi masa yadda yake so. Ya yi ta zirga-zirga, kasuwa, asibiti, gidan gaisuwa, bai leƙa gidan mai ba. Sai ranar da ya hau hanyar Kano ya ƙure mata gudu don ya ga iyakarta. Ya dawo fuska a murtuke yana cewa an cuce shi, ta sha mai kamar kowace mota. Makaniki ne ya kwantar masa da hankali, ya ce lafiyarta lau, halinta ne. In aka matsa mata a kan kwalta injin ba ya samun barci, ga iska tana tokare mata ƙirji, dole ta sha. In aka lallaɓa ta sai ta yi kawaici.

Tun daga ranar ɗana ya zama abin kallo a kan hanya. Idonsa na kan wani ɗan gilashi da ke gabansa mai nuna abin da take sha, ƙafarsa kuma a kan totur kamar mai taka ƙwai. Mai babur ɗauke da awaki biyu da buhu ya wuce shi, har ya waiwayo ya ce, "Alhaji, lafiya dai?"

To, ni kuma ina da damuwata. Akwai taubashiyata, 'yar kawuna, wadda muka tashi tare a nan bayan Kusugu, tare muke tallan dakuwa, tare muke shan duka. Aure ya kai ta wani ƙauye can bayan Zango. Rabona da garinsu tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ita ce ke zuwa Daura duk biki duk mutuwa, har idanunta suka rufe ta daina fita. Motar haya ba ta shiga ƙauyensu, ni kuma gwiwoyina sun daina hawa babur. Na sha faɗa wa bango cewa ina son zuwa, bango ya sha ba ni amsa cewa hanyar ba kyau, tana cin mai. A daminar nan sai wata mai sayar da daddawa ta kawo mini saƙo. Wai jikinta ya yi rauni ƙwarai, kuma ta ce a tambaya mata ko 'yar birni, wato ni, ta mutu ne aka hana ta gumbar sadaka. Na yi dariya a gaban mai daddawa. Da ta tafi na kasa cin tuwo. Na san in damina ta wuce ban je ba, ta yiwu ta'aziyya ce za ta kai ni.

Ana haka sai ƙanwar matarsa ta haihu a Baure, muka shirya zuwa suna da sassafe, shi da matarsa a gaba, ni a baya na baje. Mun wuce Zango yana ta fama, manyan motoci na danna masa hon, in ya ɗan taka ya kalli gilashin sai ya yi tsaki ya ɗaga ƙafa. Da na hango kukar da ake karya kwana a wajenta, sai na shafa kujerar na yi wa motar magana.

Na ce, "Ke baiwar Allah, kina ban tausayi. An ce kwalta ce ke sa ki haɗama, kuma ga shi kullum a kanta ake ɗora ki. Da mai ke ya san ƙasa, ga wata hanya nan ta burji, tana ɓullewa gab da Baure. Babu mai gudu a kanta ko yana so. Daga shanu sai amalanke, birki kuwa sai kin ce ya isa."

Matarsa ta rufe baki da gyale.

Can sai ya ce wa matarsa, "Tambayi Inna, akwai yashi?"

Na ce wa motar, "Faɗa masa ruwa ya danne shi."

Ya karya kwana. Ya san sarai garin wa hanyar ke bi, ni ma na san ya sani.

Ranar kasuwar wani ƙauye ce, muka faɗa bayan jerin amalanken shanu, muka riƙa tafiya irin tasu. Injin ya yi barci har da minshari a zuci. Gero a dama, gero a hagu, yana shafar gilashi. Ɗana ya kalli ɗan gilashinsa, ya sake kallo, fuskarsa ta washe kamar ranar da aka yi masa haihuwar fari. Ya ce wa matarsa, "Kin ga? Kin ga ko ɗigo ba ta sha?" Har wani mai amalanke ya kauce ya ba shi hanya, ya ce masa a'a, ya ci gaba abinsa, ba sauri muke ba.

Muka shiga garin babu wanda ya ji mu. Muka tsaya a ƙofar gidan taubashiyata, tana zaune a gindin dalbejiya a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar bara. Ta rame ƙwarai. Na sauko, na gyara mayafi, na je na zauna kusa da ita, na ɗebi gyaɗar na fara ci.

Ta ce, "Wane ɓarawo ne wannan da ba ya sallama?"

Na ce, "Wanda aka ce ya mutu."

Ta saki gyaɗar, ta laluba ta kama fuskata da hannu biyu. Muka yi kukanmu kaɗan, ba mai yawa ba, don da mutane. Tana share ido ta ce, "'Yar birni, kin tsufa. Duk kin zama ƙashi. Wa ya goyo ki?"

Na ce, "Goyo? A motar ɗana na zo. Ga ta nan a gabanki."

Ta ce, "Ƙarya kike yi. Ido ne ba ni da shi, kunnena ras yake. Babur ya shigo garin nan tun daga bakin rafi nake jinsa. A jaki kika zo, kike jin kunyar faɗa."

Ɗana ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, wallahi mota ce."

Ta ce, "Kai yi shiru, uwarka ce, dole ka rufa mata asiri."

Muka kama ta muka kai ta ta shafa. Ta shafa ƙofa, ta shafa taya, ta ƙwanƙwasa. Ta ce ta yarda ƙarfe ne, amma matacciya ce, shanu suka jawo ta, ai ta ji wucewar amalanke. Ta ce in mai rai ce a tashe ta. Ya shiga ya danna maɓalli. Shiru. Tafiyar hawainiyar da muka yi ta cika batirin taf, injin ba shi da dalilin farkawa. Ya ɗan taka totur, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ta ce wannan injin markaɗen gidan liman ne. Matan gari da suka taru suka fashe da dariya, ni kuwa zufa ta karyo mini. A ce na zo tun daga Daura a mota, a rubuta ni a mai jaki!

Na juya wajen motar na ce, "Ke, yau ko ki yi kuka ko ni in yi."

Ɗana ya tsaya ya dubi ɗan gilashinsa. Ya dubi tsohuwar, da hannunta har yanzu a kan ƙofa tana shafawa. Sai ya buɗe mata ya ce, "Gwaggo, shiga."

Muka sa ta a baya kusa da ni, muka lallaɓa muka fito kan kwalta. Ya sauke gilasai duka, ya yi bisimilla, ya taka. Injin ya farka da ruri, iska ta fizge mata ɗankwali, ta cafke hannuna tana salati tana ƙyaƙyata dariya.

Ta ce, "Ƙara!"

Ya ƙara. Ina jin shi yana cewa innalillahi a hankali, ba don tsoron hanya ba, don abin da gilashin ke nuna masa.

Ta ce, "Ƙara, ɗan nan! Rabona da in ji iska haka tun ina da ido!"

Muka je har kusa da Zango muka juyo, ta ce a sake, aka sake. Duk man da ya tattala a bayan shanu, da wanda ya tattala a makon, a nan ya ƙone. Da muka mai da ita gindin dalbejiya ta zauna tana haki, mata suka kewaye ta. Ta ce musu, "Mota ce. Amma ba don ni ba da ba ta san kanta ba." Ni kuwa da za mu tafi, ta cusa mini ƙullin gyaɗa a hannu ta ce in daina sata.

Baure kuwa mun isa an gama rabon waina. A hanyar dawowa sai da ya tsaya wajen 'yan bumburutu, ya sayi mai yana kau da kai kamar mai shan maɗaci.

Ta rasu bayan an kai amfanin gona gida, Allah ya jiƙanta. Limamin garinsu ya bi ta, mai daddawa ma ta tafi bara. Cikin waɗanda muka yi talla tare a bayan Kusugu, daga ni sai wata guda a Mai'aduwa, ita ma an ce ba ta gane mutane. Ɗana da matarsa suna nan lafiya, jaririn Baure yana gudu da ƙafarsa. Ni ma ga ni, da sauran haƙorana.