Gyaɗar da tarakta ta bari a ƙasa

Shekarun baya can, ana saura kaɗan a sami mulkin kai, ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifina, ya bar mini gonarmu ta gyaɗa da ke hanyar Kware. Muna zaune a Ƙofar Taramniya, ina saurayi mai sabon keke, na fi sanin dandalin siyasa a kan ƙotar galma.

Abokina, wanda muka tashi tare, ya koyi tuƙin tarakta wurin malaman gona, kuma ya sa aka zaɓi gonarmu don gwada wata garma mai faɗi da ke tone gyaɗa. Tun farkon damina ya ja mini kunne. "Ka fasa ƙasa da zurfi kahin ka yi huɗa, ka ja igiya kunyoyi su miƙe. Ƙarhe ba shi da ido." Na ce to. Rabin gabas na yi yadda ya ce. Da na zo rabin yamma, bayana ya gaji, gari kuma ana ta taro. Na tara ƙasa sama-sama a kan tsauri, kunyoyi suna karkacewa yadda suka ga dama, na koma gida na ce wa Baba an gama.

Ranar tono mutane suka cika gona. A gabas gyaɗa ta fito jingim. A yamma kuwa ganye kawai garmar ke jefowa, 'ya'yan sun tsinke a ƙasa. Kuma al'ada ce, da an kwashe amfani, abin da ya saura na mata masu kala ne. Washegari ina zuwa, wa zan gani tsakiyar yamma da faifai da ƙwarya? Mahaifiyar abokina, tana tona tana cikawa.

Shi ke nan, zuciyata ta gama shari'a. Na tuna yadda abokina, da yake tuƙa taraktar, yake ta taɓa wani ƙarfe yana waiwaye da ya shiga yamma. Na tuna ya ƙi shan furarmu, ya tafi da sauri. Har zaɓar gonarmu da ya yi na mayar da shi makirci. Lallai ɗaga garmar ya yi da gangan don uwarsa ta kwashe. Huɗata kuwa ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Na je na zayyane wa Baba, har na ce a kai ƙara wurin manyansa, alhali na san aikinsa zai tafi, kuma da shi yake ciyar da gidansu.

Baba ya ce a kira shi. Muka ɗora tsohon a jaki har gona. Abokina bai yi musu ba, bai ma dube ni ba. Ya ce, "Baba, ara mani sandarka." Ya soka ta a kunyar gabas, ta nutse kusan kamu ɗaya. Ya je yamma ya soka, ta tsaya cak a tsawon yatsa. Ya danna da ƙarfinsa, ko gezau.

"Wa ya yi wagga huɗa?" in ji Baba, yana kallona.

Abokina ya riga ni. "Ƙasar wurin ta, Baba, tauri gare ta." Baba ya daɗe yana nomanta, ya san ba haka ba ne. Ya dai karɓi sandarsa, ya ce a mayar da shi gida. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna isa gida muka tarar da buhu biyu a zaure, mahaifiyar abokina na zaune gefe, farcenta duk ƙasa. Ta gaida Baba da jiki, ta juyo gare ni. "Ɗana, wanga ya wuce kala, amfanin gona ne. Na ce bari in riga sauran mata, kada ku rasa iri."

Na roƙi abokina gafara, ya yi dariya, ya ce baɗi shi zai riƙe mini igiya. Tun daga ranar, in na ji zargi ya taso mini, nakan fara duba aikin hannuna. Amma mahaifiyarsa ban taɓa iya faɗa mata zargin da na yi ba, shi ma bai faɗa ba. Shekara goma sha ta ƙara a duniya, duk inda muka gamu sai ta sa mini albarka, ni kuwa in sunkuyar da kai in ce amin. Har ta rasu tana cewa yaron nan akwai kunya.