Baƙaƙen Takardun Dattijon Indiya

Ku da kuka shigo aiki kwanan nan, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba. A shekarun sittin ne, ina ma'aikaci a rumfar binciken kayan alhazai a bakin teku, nan Jidda. Ƙa'idarmu ita ce, duk takardar da aka ga alamar sihiri a jikinta a ware ta. Sai mudir, wato shugaban rumfa, ya duba ya yanke hukunci, sannan a jefa ta a durom ɗin ƙona shara.

Jirgin Indiya ya sauke mutane, cikinsu har da wani dattijo malamin tarihi, da dogon gwangwani a hammata. Abokin aikina Barau, Bahaushen Sudan irina, shi ya buɗe. Manyan takardu ne a ciki, baƙaƙe ƙirin, da farin rubutu kamar sawun kaji. Barau ya ja da baya yana a'uziyya, ya rantse hatimi ne, kuma na mugunta. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, gabana ya faɗi.

Dattijon ya yi bayani da Larabcinsa na littafi. Ya ce sarakunan farko na daular Indiya a jikin duwatsu suke sa a sassaƙa umarninsu, kuma da wannan rubutu ake sanin tarihinsu yau. Shekaru ya yi yana bin duwatsun yana kwafe su, zai kai wa ɗalibai a Masar bayan hajji. Mudir bai gamsu ba. Sai dattijon ya roƙi ruwa, ya jiƙa farar takarda, ya manna ta a kan farantin tagullar ƙofarmu mai sassaƙen sunan rumfa. Ya bubbuga da burushi, ya shafa tawada. Sai ga sunan rumfarmu fari fat a cikin baƙi.

Mudir ya yi dariya ya ce, "Halas, ya Hajji. In wannan sihiri ne, to ƙofarmu ma sihiri ce. Yalla, maza ku mayar masa da takardunsa."

Da muka juyo, takarda ɗaya babu. Ashe muna can bakin ƙofa, Barau ya sa sanda ya ɗage ta sama ya kai ta durom, wuta ta cinye ta, wai shi ba zai yi la'asar ƙarƙashin rufi ɗaya da ita ba.

Dattijon bai yi faɗa ba, zama kawai ya yi a kan akwatinsa. Ya ce masu aikin hanya sun fasa dutsen da ya kwafo ta a jikinsa, kuma bai san wani da ya kwafe shi ba in ba shi ba. Mudir ya tambayi abin da ke ciki. Dattijon ya ce wani sarki ne ya umarta a haƙa rijiyoyi, a dasa itatuwa a bakin hanya, don matafiya da dabbobinsu su sha su huta.

Barau fa iyayensa da ƙafa suka tako daga ƙasar Hausa har Sudan, daga wannan rijiya zuwa waccan. Ƙato da shi, sai ga hawaye. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu tsoro ya fi rashin sani ɓarna. Har na yi ritaya, ban yarda an kunna durom ba sai mai kaya ya gama maganarsa.