Hancin Kawu Badamasi

Duk wanda ya taɓa aski a Haɗeja ya san fuskar Kawu Badamasi, ko da bai taɓa haɗuwa da shi ba. Shi ne ke zana allunan da ake jinginawa a ƙofar shagunan aski, masu kawuna a jere, wannan da saisaye, wancan da tal-kwabo. Askin kan bambanta, amma hancin ɗaya ne, dogo mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe, irin nasa sak. Wani ɗan dambe da ya zana a bayan motar ɗaukar shinkafa, da hancin nan ya tafi Legas. Umma, wadda ita ce yayarsa, ta rantse cewa tarwaɗar da ya zana wa masu kifi a bakin gada ma ta ɗauko shi.

"Yaya, hanci ne mai kyau," in ji shi. "Me zai sa in yi wa jama'a rowarsa?"

Da gawayi ya fara, a bangon gidan kakanmu, ya kuwa sha bulala a kansa. Da ya girma aka nema masa aiki a wani ofis. Bai daɗe ba ya ajiye, domin a cewarsa ya wayi gari ya fi sanin siffar kunnen shugabansa fiye da aikin da aka ɗauke shi ya yi. Ya kafa rumfa kusa da tasha, ya jera gwangwanayen fenti da buroshi, tun daga lokacin yake cin gashin kansa.

Aikin nasa tare yake tafiya da shinkafa. In an yi girbi, masu Keke Napep su zo a rubuta musu kirari a baya, masu shago su sabunta allo, har abinci sai an bi shi da shi rumfa. In damina ta sauka kuwa, sai ya wuni yana korar ƙuda, wani lokacin ya bi abokai gona. Da injin buga bana, wato allon talla na leda, ya shigo gari, rabin masu zuwa wurinsa suka koma can. Bai yi fushi ba. Ya ce rana za ta dawo masa da su, domin ita ce ke cinye launin bana. Na taɓa tambayarsa ko yana jin daɗin rashin oga. Ya ce, "Wa ya gaya miki ba ni da oga? Duk wanda ya shigo rumfar nan ogana ne. Bambancin kawai, nawa suna tafiya gida."

Ina zaune a gida bayan na gama jami'a, ina jiran tafiya bautar ƙasa, Inna Yagana ta zo da buƙatarta. Tsohuwa ce daga wani ƙauye a bayan Guri, ta daɗe tana kawo wa Umma bandar kifi, har ta zama kamar 'yar gida. Mijinta, Malam Shu'ibu, masunci ne, ya rasu kafin babbar ambaliyar nan ta 2022. Hotonsa ɗaya ne tak a duniya, ruwan kuma ya tafi da shi tare da ɗakin da yake ciki.

"'Yar'azumi," ta kira Umma da sunanta, "mutumin nan yana ɓace mini. In na rufe ido ba ya zuwa yadda ya saba. Ki sa ƙanenki ya zana mini shi."

Umma ta yi gyaran murya. "Inna, kin san dai duk wanda Badamasi ya zana…"

"Na sani. Na ga kifin bakin gada."

Da aka gaya wa Kawu, karo na farko ke nan da na ga an ba shi aiki bai yi barkwanci ba. Ya ce bai taɓa ganin mamacin ba. Inna ta ce za ta kawo ƙanensa Fannami, kowa ya ce suna kama. Kawu ya ɗan sosa hanci, ya ce to.

A zauren gidanmu aka yi zaman. Ni aikina kai ruwa ne, sai dai in na kai nakan maƙale a bakin ƙofa, ba wanda ke lura da ni. Baba Fannami ya zo da sabuwar hula da babbar riga ta aro, ya zauna a kan kujera ya banƙare ƙirji, ya riƙe numfashi kamar za a yi masa allura.

"Baba, ka saki jiki."

"A sake yake."

Da Kawu ya juyo da kwalin da ya yi zanen a kai, Inna ta leƙa ta ce, "Wannan ai Fannami ne ya ari hancin wani."

"Kuma ya yi mini kyau," in ji Fannami. "Ke dai hassada ce ke damunki. Tun ranar da aka kawo ki gidanmu kike baƙin cikin na fi mijinki kyau."

"Kai? Da wannan wuyan naka na zalɓe?"

Kowa ya yi dariya ban da Kawu. Daga ranar ya shiga farautar hanci. Yakan zauna a tasha da fensir, duk wanda ya tsaya jiran mota sai ya kwashe masa hanci a takarda. Har ta kai 'yan acaɓa in za su wuce ta gaban rumfarsa sai su sa hannu su rufe nasu. Umma ta ce in bai yi hankali ba za a ce asiri yake haɗawa.

A zama na biyu ya juya wajen Inna da tambayoyi.

"Inna, yaya idanun Malam suke?"

"Idanu dai irin na mutane."

"Hancinsa fa?"

"Yana da shi."

"Gemu?"

"Akwai."

Dole ya koma kan Fannami, wanda ya yi ta bayani da hannu da ƙafa, goshi ya fi haka faɗi, tsagar kumatun ta fi haka tsawo, haƙorin gaba ɗaya ya ɗan hau ɗan'uwansa. Kawu ya goge ya sake, ya goge ya sake. Ranar da ya gama zanen ya kawo shi, na duba da kyau, babu ko ɓurɓushin hancinsa a ciki. Fannami ya ƙura wa zanen ido, ya cire hula, ya share hawaye da ita.

"Wallahi Yaya Shu'ibu ne. Saura ya ce in biya shi komarsa ta kamun kifi da na yaga."

Inna ta ɗago ta kalla sau ɗaya, ta yi maza ta sunkuyar da kai, ta jawo mayafi.

"Ya yi kyau. Allah ya yi albarka."

Ta tashi za ta tafi, ta bar zanen jingine da bango.

Kawu ya san wannan "ya yi kyau" ɗin. Ya sha jin sa a bakin masu shagon da ke karɓar allo su kai shi bayan kanta su kife. Ya bi ta da kallo, ya kalli zanen, sannan ya kalli mayafin da har yanzu take riƙe da bakinsa.

"Inna, dakata. Tsakaninki da Allah, kin taɓa tsayawa kin kalli Malam ido cikin ido?"

"A'uzubillahi! Ni 'yar gidan wa? In zura wa mutum ido kamar mujiya?"

"Duk shekarun nan?"

"Ko sunansa ka taɓa ji a bakina?"

Umma ta fito daga cikin gida tana dariya har da riƙe ciki. Kawu bai kula ta ba.

"To hoton da ruwa ya tafi da shi fa?"

"Can sama na rataye shi, kusa da rufi. Na dai san yana nan."

"In kin rufe ido, me kike so ki gani?"

Inna ta koma ta zauna a kan tabarma. Matar da ɗazu ake ciro mata magana da ƙyar, sai ga shi ta ɓalle. Ta ce kullum da safe takan miƙa masa gorar fura a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. In ya juya ya kama hanyar ruwa, sai ta laɓe a bayan zana ta bi shi da kallo. Doguwar sandar tura kwale-kwale a kafaɗar hagu. Kafaɗar dama ta ɗan sauka, tun wata faɗuwa da ya yi yana saurayi. Hula a ture can ƙeya. Ƙafar wando ɗaya a naɗe har gwiwa, ɗayar kullum sai ta warware. A bayan rigarsa akwai facin da ta yi masa da koren ƙyalle, ranar da ta rasa fari.

"Nan ne nake kallonsa son raina," in ji ta, "tunda bai sani ba."

Fannami ya tuntsire da dariya.

"Bai sani ba? Ya sani sarai! Me kike tsammani ya sa yake wannan tafiyar ta ƙasaita? Da mun sha kwanar tsamiya sai ya sauke numfashi ya ce, 'Ta shiga?' In na ce ta shiga, sai ya miƙo mini sandar ya ce kafaɗarsa ta gaji."

Inna ta rufe baki da mayafi. "Ƙarya kake, zalɓe."

"Na rantse da abin da zai kashe ni."

Washegari Kawu ya hau babur sai Guri. Ya yi sammako bakin ruwa, yana bin masunta a baya da fensir, har ɗayansu ya juyo ya tambaye shi ko wani abu ne ya maƙale masa a riga. Da ya dawo ya ɗora wa Fannami sandar shanyar Umma a kafaɗa, ya sa shi kai da komo a ƙofar gida.

"Sauke kafaɗar dama, Baba. Yi tafiyar wanda ake kallo."

"Ni ba wadda ta taɓa laɓewa don ni, ina zan iya?"

A kan katako ya yi wannan, da fentin mota. Masu keke biyu suka zo da aiki a makon, ya ce su dawo, ɗaya ya yi fushi ya tafi wajen masu bana. Kawu ko ɗagowa bai yi ba.

Ranar kasuwa Inna ta zo da kwandon bandarta. Kawu ya jingina katakon a zaure, ya yaye tsohon ƙyallen da ya rufa masa. Ga ruwa ya malala har ƙarshen allo, ga ciyawa a gefe, ga kwale-kwale yana jira. A tsakiya mutum ne ya ba da baya yana gangarawa, sanda a kafaɗa, hula a ƙeya, ƙafar wando ɗaya a warware.

Inna ba ta taɓa mayafinta ba. Ta matsa kusa, ta tsuguna, ta kalla, ta yi ta kallo, har na gaji da tsayuwa na zauna a dokin ƙofa. Can ta sa yatsa a kan facin.

"Koren ya fi haka duhu."

"A gyara, Inna?"

"Bar shi. Rana ce ta ci shi." Ta ɗan yi murmushi. "Dube shi. Wai shi bai san ana kallonsa ba."

"Fentin mota ne," in ji Kawu. "Ko ruwa ya sake zuwa, sai dai ya wanke masa riga."

Ta juye masa kifin kwandon gaba ɗaya, har da wanda Umma ta yi oda. Fannami ya ɗauki zanen fuskar ya ce nasa ne, dama shi ya sha zaman kujera. Aka tsayar da keke. Inna ta ƙi yarda a ɗaure katakon a baya, ta rungume shi a cinya, mutumin yana fuskantar ruwansa, ita tana fuskantar bayansa.

Da ƙurarsu ta lafa, Umma ta dubi ƙanenta.

"To, alhamdulillahi. Yau dai na ga zanenka da babu hancinka a ciki."

Kawu ya ɓare kan wata tarwaɗa ya jefa a baki.

"Yana nan, Yaya," in ji shi. "Ta can gaba yake."